A sayar da rabin gona a sayi shanun madara? Abin da 'yan zaure suka ce

Abdulƙadir: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata magana ke yawo tsakanin matasa daga Maiurno har Sinja a nan Sudan: wai mai gonar faddan 10, wato kusan eka 10, ya sayar da 5, ya sayi shanun hajin, masu jinin waje da aka gauraya da na gida, huɗu ko biyar, kuɗin madara ya riƙa ɗaukar cefanen gida kullum. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su warware mana. Lissafin yana fita kuwa?

Baba Alhaji Sani: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a je ga farashin saniya, a fara tambayar me za ta ci, don madara daga gona take fitowa. Hajin mai nauyin kilo 400 da ke ba da ratal 30 na madara a rana (ratal wajen giram 450 ne) tana cin ɗanyar ciyawa kilo 30 zuwa 35, ban da haɗin ƙuli da dusa. Faddan ɗaya na abu sab'in, dawar da ake shukawa don ciyawa, in ruwa ya ishe shi, yakan ba da tan 10 zuwa 15 a yanka ɗaya bayan kwana 70. Raba tan 12 da kilo 35: kwana 340 ke nan na saniya ɗaya, ko kwana 68 na shanu biyar. Wato shanu biyar suna cinye faddan guda a daidai kwanakin da wani faddan ɗin ke ɗauka kafin ya isa yanka. Sannan ga barsim, wato ciyawar alfalfa, ga karan da za a ajiye don bazara, ga dawar da gidan zai ci. Faddan 5 ɗin da ya rage zai ɗauki duk wannan? Da ƙyar. Ranar da ka fara sayen ciyawa ɗauri ɗauri a kasuwa, ribar madara ta koma aljihun mai karo, keken jakin da ke dakon ciyawar.

Kawu Idi: Alhaji, da girmanka, lissafin daidai ne amma bai cika ba. Je ka zaribobin Hillat Kuku a Bahri kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, akasarinsu ba su da ko ƙirat ɗaya na noma, sayen ciyawa suke yi, kuma sun yi shekaru suna shayar da Khartum. Abin da ke raya mai shanu kasuwa ce ta kusa. Wanda ke da hanyar kai madara Sinnar cikin sa'a ɗaya safe da yamma, hajin biyar sun fi masa faddan 5 na dawar da sai shekara ta zagayo yake ganin kuɗinta.

Baba Alhaji Sani: Idi, Kuku tana da miliyoyin bakuna a gefenta. Mu nan da damina, in laka ta kama hanya, madarar safe kan kwana a gida.

Dakta Safiya: Kawu, Baba, ku bar ni in sa baki ta ɓangaren dabbar kanta. Hajin, wato jinin Friziyan da aka gauraya da na gida, madararta ta fi yawa, babu musu. Amma kaska da zafi su ne ajalinta. Zazzaɓin kaska da muke kira tailariya ba ya yi wa shanun gida, Kenana da Butana, mugun kamu, hajin kuwa yakan kayar da ita cikin kwanaki. Alamarsa: kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa da gaban cinya, zafin jiki ya haura 40, ido ya yi ruwa, cikin fatar ido ya koma fari, madara ta faɗi rana ɗaya. Allurar bufarbakon tana aiki in an yi ta da wuri, kuma tana da tsada. Duk wanda zai sayi hajin ya ware kuɗin wannan allurar da na feshin kaska tun kafin ya biya kuɗin saniyar. In jinin waje ya wuce rabi da yawa, wahalar riƙo ta ƙaru: inuwa mai tsayi, ruwa lita 80 zuwa 100 a rana da bazara, bangon zariba a shafe shi sumul don kaska a tsagar bango take ɓuya.

Kenana ba abar rainawa ba ce. Tashar Um Banein da ke kusa da Sinja domin ita aka kafa ta. Madararta ba ta kai ta hajin ba, ba ta kuma sakin nono sai ɗanta na gefe, amma ta fi maiƙo, tana cin kara da harawa ta rayu, tana jure ranar Afrilu. Ga wanda bai taɓa riƙon hajin ba, Kenana biyu masu kyau da hajin ɗaya sun fi masa hajin biyar a tashi ɗaya.

Abdulƙadir: Dakta, haɗin abincin fa? Kowa da abin da yake faɗa.

Dakta Safiya: A cikin ratal 100: dawa ɓarzajjiya 40, radda wato dusar alkama 32, umbaz wato ƙuli 25, garin farar ƙasa ta dabbobi 2, gishiri 1. Ratal ɗaya na haɗin ga kowane ratal biyu da rabi na madara, saboda haka mai ba da 30 za ta ci 12, a raba mata safe da yamma. Dawa a ɓarza ta, in ba haka ba za ka gan ta ƙwaya ƙwaya a cikin kashi. Kada a ƙara haɗin farat ɗaya, a hau da shi cikin mako guda, don hatsi mai yawa lokaci ɗaya yana tsamar da tumbi, saniya ta daina tuƙa, ta kama zawo. Umbaz kuma a fasa shi a duba ciki. In akwai kore ko baƙin fumfuna, ko yana warin ruma, a bar shi komai arahar sa: dafin fumfunar gyaɗa yana bi ta cikin madara, tafasawa kuma ba ta kashe shi.

Ustaz Haruna: Na ga an wuce maganar gonar da sauri, alhali nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa. A fara sanin wace irin ƙasa ce. Akwai milik hur, wadda aka yi wa rajista da sunan mutum, mallakarsa ce. Akwai hikir, ƙasar gwamnati ce da aka ba ka haya na wasu shekaru da sharuɗɗa. Akwai hiyaza, wadda kake nomawa tun kakanni amma babu rajista. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, dokar mu'amaloli ta 1984 kuma ta zo ta amince da haƙƙin amfanin mai noma, amma amfani daban, mallaka daban. Mafi yawan gonakin damina da ke bayan ƙauyukanmu hiyaza ne. Wanda ya sayi hiyaza da farashin milik hur ya yi cinikin biri a sama.

Ga mai rajista, matakin farko shahadat bahas daga ofishin rajistar ƙasa, sabuwa, wadda aka fitar da niyyar sayarwa, ba tsohuwar da mai gona ya ciro daga akwati ba. A cikinta za ka ga sunan mai ita, lambar fili, faɗinsa, da ko akwai jingina a banki ko umarnin kotu a kansa. Mai saye ya raka mai sayarwa ofishin da ƙafarsa. Sunan da ke takardar ya dace da na katin shaida harafi da harafi. In mai sunan ya rasu, sai an kawo i'ilam shar'i daga kotu mai nuna magada da rabon kowa, kuma kowane magaji ya sa hannu ko ya ba da wakilci, har 'yan'uwa mata da ke aure a Gadarif ko Jidda. Babban wa ba ya sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. In akwai maraya wanda bai balaga ba, sai da izinin kotu.

Wakilci kuwa, a yi hattara ninki biyu a wannan lokaci. Tun Afrilun 2023 mutane sun watse, takardu sun ɓace, wasu ofisoshi sun daɗe a rufe. In an ce mai gona yana Masar ko Saudiyya ga tawkil ɗinsa, wato takardar wakilci, a kira shi ta bidiyo a gaban shaidun da suka san fuskarsa, a kuma tuntuɓi lauyan da hatiminsa ke kan takardar. Bayan an rubuta yarjejeniya wurin lauya mai tabbatar da takardu, ciniki bai ƙare ba sai an sauya suna a rajista. Kaso na ƙarshe na kuɗin a riƙe shi sai ranar.

Malam Tukur: Ustaz, ƙara musu da shufu'a. Sayar da rabin gonar gado da ba a raba ba, abokin tarayya yana da haƙƙin ya karɓe ta da kuɗin da baƙon ya biya. A mazhabar Malikiyya haƙƙin na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba. Saboda haka a fara yi wa 'yan'uwa tayi a gaban shaidu, in sun ce ba sa so a rubuta.

Ustaz Haruna: Haka ne Malam, Allah ya ƙara sani. Kuma rabin da ba a auna ba rabo ne a takarda kawai, ba a san gabas ne ko yamma ba. A kawo ma'auni ya fitar da shi, a kafa duwatsu. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, ƙirat 24, kowane ƙirat mita 175. Kada a yarda da awon taku ko na igiya.

Baba Alhaji Sani: Takarda ta Ustaz ce, ƙasa kuma sai an taka. Gonar bakin kogi, jarf, a dubi gaɓarta: in haddam, wato zaizayar gaɓa, na cin ta, faddan 3 na takarda zai iya zama 2 a ƙasa. Tun da aka fara tara ruwa a babbar madatsar Habasha a 2020, hawa da saukar kogin ba kamar yadda muka saba ba ne, laka mai taki da yake kawowa ma ta ragu, to kada a sayi jarf da labarin amfanin da ya bayar shekara goma da suka wuce. Hawasha kuwa, wato rabon gona a cikin mashru'i na noman ban ruwa, tambaya ta farko ina take a kan abu ishirin, magudanar da ke shayar da gonakin. Nimra, wato jerin gonakin da ke kan magudanar, faddan 90 ce, ruwa ɗaya ke bi ta kanta, na bakin tur'a, babbar magudana, ya sha ya ƙoshi, na wutsiya ya jira. A tambayi bashin kuɗin ruwa, don hawashar yake bi, ba mutumin ba. A tabbatar an sauya suna a littafin mashru'in. In ka ga farin gishiri a saman ƙasa, ko aya-aya ta cika ta, ko ƙuduji ya yi jajir a tsohuwar dawa, ka rage kuɗi ko ka wuce. A kuma tambayi dattawa ko burtali ya ratsa ta. Gonar da ke kan hanyar makiyaya rigima ce duk kaka.

Mai sayarwa ma ya yi tunanin wane rabi zai saki. In ya ba da ɓangaren da ke bakin ruwa ya riƙe na ciki, ya rubuta haƙƙin wucewar ruwa da hanyar karo a cikin yarjejeniyar, in ba haka ba barsim ɗinsa zai bushe yana kallo.

Kawu Idi: To na sauko rabi. Maimakon sayarwa, a ba da faddan 5 haya na shekara ɗaya ko noman raba daidai, a sayi saniya ɗaya ko biyu da kuɗin. Jine, kuɗinmu na Sudan, na narkewa kullum, wanda ya sayar yau ya riƙe kuɗin wata biyu yana neman saniya, ya yi asarar maraƙi guda. Amma a sayen saniyar ma akwai ilimi. A tatse ta sau uku a jere a gabanka, safe, yamma, safe, don wasu kan bar ta ba tatsa kwana guda hantsar ta cika. A tatsi kowane nono daban a kan baƙin faranti: gudaji, ruwa ruwa ko jini alamar ciwon hantsa ne, nono ɗaya da ya mutu kuma rubu'in madara ne ya tafi. A buɗe baki: manyan haƙora biyu wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, takwas cif ta kai biyar ko kusa, in sun side sun rarrabu ta tsufa. Haihuwa ta biyu ko ta uku ita ce ta saye. A nemi damin, mai tsaya wa ciniki a kasuwa, da takardar ciniki, a dubi tambarin da ke jikinta, domin shanun sata sun yi yawa a shekarun nan.

Malam Tukur: Barin nono ya taru don a ruɗi mai saye shi ne tasriya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Hadisin ya ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. A wata ruwayar an ce kwana uku.

Goggo Hajjo: Ku maza kun tsaya a saniya, madarar kuwa a hannunmu take lalacewa ko ta yi kuɗi. Da zafin nan, madarar da aka tatsa da asuba in ba a sanyaya ba, kafin hantsi ya yi nisa ta fara juyawa. Jarkar roba mai ƙaramin baki ita ce babbar matsala, hannu ba ya shiga, maiƙo na maƙalewa a lungu, madarar yau ta gaji tsamin ta jiya. A yi amfani da tulun alminiyam mai faɗin baki, a ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan ruwan zafi da sabulu, a kife a rana. In ba wuta, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun shawwal a ajiye inda iska ke bi. Kada a zuba ta safe mai ɗumi a kan ta daren jiya.

Ranar da hanya ta yanke, ba a zubarwa. A tafasa, a bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, a zuba cokali ɗaya na rob, wato nono mai tsami, na jiya a kowane ratal biyu, a rufe, kafin gari ya waye ta kama. A kaɗa a cire mai, a soya shi a wuta kaɗan kaɗan har kumfa ta kwanta, ƙasan ya yi ja, ƙamshi ya tashi. Samin, wato soyayyen man nan, da ruwansa ya ƙone sarai yana wata da watanni, wanda aka sauke da wuri shi ne ke yin ɗaci. Amma a sani, ratal 100 na madara da ƙyar ya ba da ratal 4 ko 5 na samin. Jibna, wato cuku, ta fi fita, irin ta mutanen Duwem: ratal 6 zuwa 7 na madara ratal ɗaya. Gishiri ratal 6 zuwa 10 a ratal 100, a ƙara da bazara, a narka shi a tace. Ƙwayar daskarwa a narka ta a ruwan sanyi gwargwadon abin da aka rubuta a kwalinta, a zuba madara na da ɗumi, a bar ta sa'a huɗu zuwa shida ba motsi, a kwashe cikin akwatin katako mai ƙyalle, a danne ta kwana, a yanka, a jera a gwangwani, a cika da ruwanta, a rufe ruf. In gwangwani ya kumbura ko jibnar ta yi ramuka kamar soso, datti ne ya shiga ko gishiri ya yi kaɗan.

Dakta Safiya: Goggo, ƙari ɗaya. Tafasasshiyar madara ba ta kama jibna da kyau, shi ya sa ake yi da ɗanya, nan ne kuma haɗarin yake. Mafita: a ɗumama ta zuwa 63 a ma'aunin zafi, a riƙe ta a haka minti 30, a sauke ta huce. Wannan yana kashe ƙwayar burusela, cutar da ke kama mutum ta ɗanyar madara, jibna kuma ta kama. Kuma in rob ya ƙi kamawa alhali komai daidai, a tambayi mai shanu ko ya yi wa wata allura. Madarar saniyar da ke kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ta sayarwa sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika.

Hajja Maryam: Mu masu saye kuma ga abin da za mu duba. A tsoma ɗan abin auna kaurin madara, ana samunsa a shagon maganin dabbobi: mai kyau tana tsayawa tsakanin 28 da 32, ƙasa da haka an yi mata ruwa. Masu wayo kan ƙara sitaci don kauri ya dawo, to ɗigon aidin a cokalin madarar da aka tafasa ta huce, in ta koma shuɗi akwai gari a ciki. A tafasa cokali biyu a gaban mai kawowa, in ta tsinke ta kwana.

Goggo Hajjo: Ɗan ƙanƙanin atrun, wato kanwa, dai ba ya cutarwa, Hajja, iyayenmu na sakawa don kada ta tsinke a hanya.

Hajja Maryam: Goggo, a nan ba mu tare. Kanwa tana ɓoye tsamin ne kawai, ƙwayoyin da suka kawo tsamin suna nan suna ninkuwa, yaro ne kuma zai sha. Gara a ce mini ta juya in saye ta a matsayin rob.

Maganar Abdulƙadir ta cefane kuwa, kuɗin madara kullum yake shigowa kaɗan kaɗan, shi ya sa yake jan gida zuwa sayen gadar zurufak, wato gwargwadon halinka: man ƙulli, sukarin ƙulli, rabin albasa. Ƙulli shi ne mafi tsadar saye a kasuwa. Gida huɗu ko biyar su yi sanduk, wato adashi, su sayi jarkar mai ta ratal 36 da buhun sukari na kilo 50 su raba da sikeli. A riƙe cewa ratal bai kai rabin kilo ba, wajen giram 450 ne, kilo ɗaya ratal biyu ne da ɗan ɗori, kada a ba ka ratal biyu a ce kilo. Dawa, ko tabat ko fatarita, a saye ta lokacin girbi, Disamba zuwa Janairu, a ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas ta bushe. Buhu a ɗora kan katako nesa da bango. Ƙwayar hayaƙin kashe ƙwari ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi, tana kashe mutane. A tambayi farashi biyu kafin a auna, na kuɗi hannu da na Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, don sau da yawa ba ɗaya ba ne, a kuma jira saƙon shigar kuɗi, kada a yarda da hoton da aka nuna a waya. Masu jarura, wato ɗaukar kaya bashi a kanti, su sa a rubuta kuɗin kaya ranar ɗauka, ba sunan kaya kawai ba, in ba haka ba ƙarshen wata da sabon farashi za a yi musu lissafi. Wanda ke ba mai kanti madara a madadin kaya ma haka, littafi biyu, ɗaya a hannunsa.

Abdulƙadir: Allah ya saka da alheri. Saura magungunan gida, na shanu da na mutane, tunda likita ba kullum ake samu ba.

Dakta Safiya: Na shanu, kumburin ciki ne ke kisa da sauri. Barsim mai raɓa ko sabon toho a cikin da babu komai shi ke kawo shi. A yanka, a bar shi ya sha iska, a fara ba da kara. In gefen hagu ya tashi kamar ganga, a ɗura ratal ɗaya na man gyaɗa ko na riɗi a hankali ta gefen baki, kai ba a ɗage sama ba, harshe a sake, don in ya bi ta huhu wata cutar ce. A tsayar da ita gabanta a tudu, a sa mata sanda a baki ta riƙa tauna. In tana haki baki buɗe, huda ce kawai, a nemo wanda ya iya. Tohon abu sab'in bayan yanka, ko wanda ƙishi ya tsumburar, yana da dafi, kada a sake shanu a kai sai ya wuce gwiwa sosai. Saniyar da ta kwanta bayan haihuwa, kunne sanyi, wuya a karkace, ƙarancin kalsiyam ne: kada a ɗura mata komai don ba ta iya haɗiya, allurar jijiya take so, a hankali. Mabiyiya in ta maƙale ba a ja, ba a ɗaura mata dutse. Maraƙi ya sha dakashi cikin sa'o'in farko. Wadda ta yi ɓari kuma, kada a taɓa ɗan ko mabiyiyar da hannu tsirara, a binne da zurfi, a ware ta. Waɗanda suka ga zazzaɓin Rift Bali na 2007 a nan Sinnar da Jazira da Farin Nil sun san cewa ta jini da ɓarin dabba ya kama mahauta da makiyaya.

Sista Zainab: Na mutane, akwai masu amfani a inda suka dace. Bagaruwa, garad, a jiƙa a kurkure maƙogwaro, amma kada a ɗura wa ƙaramin yaro ruwanta mai kauri don zawo. Hulba da madara ga mai jego ba laifi, mai ciki ta rage. Harjal da maharaib na murɗar ciki mai sauƙi ne, ciwon da ya tsaya a dama ta ƙasa da zazzaɓi da amai na asibiti ne. Karkade, da zafi ko da sanyi aikinsa ɗaya ne, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini. Filasko ba na mai ciki ba ne, ba na kullum ba ne.

Zawo kuwa, musamman da kwalara ta dawo tun 2024: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Kurɓi kurɓi, ko ana amai a dakata minti goma a ci gaba, nono kuma kada a tsayar. In zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, a kama hanya ana ba shi a kan karo.

Goggo Hajjo: Wanda ya sha guba fa? Mu dai madara muka sani.

Sista Zainab: Goggo, don Allah a bar wannan. Madara ba ta karya guba, ga maganin kaska ma maiƙonta na iya taimaka masa shiga jiki. Kada a sa shi amai, musamman in fetur ko kananzir ya sha. A cire kayan da maganin ya jiƙa, a wanke fata da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Maganin kaska ba a sa wa yaro a kai don ƙwarƙwata, jarkarsa ba a zuba ruwan sha ko an wanke. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi minti 20, ba samin ba, ba man goge baki ba. Zuma ba a ba wanda bai shekara ba, madarar shanu ma ba ta zama abin shansa na yau da kullum sai ya cika shekara.

Abin da ya fi damuna a gidajen masu shanu shi ne zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya tafi, da gumin dare da ciwon baya da gaɓoɓi, an sha maganin maleriya sau biyu bai bari ba. A gaya wa likita kai tsaye cewa ana shan ɗanyar madara ko ana karɓar haihuwar shanu, a nemi gwajin maltiyya, wato burusela. Maganinta iri biyu ne a haɗe na mako shida, wanda ya tsaya a mako na biyu don ya ji sauƙi, dawowa take yi. In kuma zazzaɓin ya wuce mako biyu da rama da kumburin saifa, musamman ga wanda ya yi aiki wajen Dindir ko Gadarif, a duba kala'azar.

Abdulƙadir: Baba Alhaji, in mutum ya bi shawarar Kawu ya ba da haya, faddan 5 da suka rage yaya zai raba su ga shanu ukun da Dakta ta ce?

Baba Alhaji Sani: Faddan ɗaya barsim, a shuka shi Oktoba zuwa Nuwamba da sanyi ya fara, yana ba da yanka kusan kowane mako uku zuwa huɗu har shekara uku in ruwa bai kwanta masa ba, don haka a zaɓa masa inda ba ya tara ruwa. Faddan ɗaya da rabi abu sab'in, amma kada a shuka shi rana ɗaya: a raba shi gida uku, tsakanin kowanne mako uku, don kada ya isa yanka gaba ɗaya ya tsufa ya zama itace. Sauran biyu da rabi dawa da gyaɗa ko lubiya, hatsin na gida, kara da harawa a ɗaure a ɗora kan rumfa tun kafin rana ta cinye ganyen. Takin zariba a tara shi a rami ya ruɓe wata uku kafin a kai gona, ɗanyensa irin ciyawa yake kaiwa. Takardar hayar kuma Ustaz ya rubuta muku ita da ranar shiga da ranar fita, da wanda zai biya kuɗin ruwa, da wanda zai kwashi karan bayan girbi.